Yadda Ake Gane Ƙwarin Shukar Wiwi da Magance Su

A ƙasashen da doka ta halatta shuka wiwi a gida, kamar Kanada tun 2018, ya kamata mai shuka ya riƙa duba bayan ganye kowane mako, domin nan ƙananan gizo-gizo ke ɓuya, suna barin ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana, musamman lokacin zafi. Darɓa kuwa sabon tofo take tsotsewa, ta bar danƙo. Da an gan su, a ware shukar, a wanke ta, sannan a fesa man darbejiya haɗe da ɗan sabulu da yamma, a maimaita bayan kwana 7 saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Idan fure ya fito, a daina feshi, gara a tsinke ganyen da ya kamu.