Yadda Ake Gano Tsagar Dutse a Ƙarƙashin Birni Kamar Kano

Kano ba ta kan iyakar manyan faifan ƙasa, wato manyan sassan ɓawon duniya waɗanda aka fi samun girgizar ƙasa a inda suka haɗu, amma motsin ƙasar da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da wanda ya firgita mazauna Mpape a Abuja a 2018, sun isa su sa mai hankali ya so sanin abin da ke ƙarƙashin gininsa. Abin da ake nema shi ne tsagar dutse, wato inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya dare, wanda gocewarsa kan jawo irin wannan motsi. Hanyar binciken ita ce a aika girgiza cikin ƙasa, a saurari yadda za ta dawo.

Da farko a duba taswirar duwatsun yankin, a zaɓi titin da ya ratsa inda ake zaton tsagar take, domin layin da ya bi tsawonta ba zai nuna ta sosai ba. A nemi izinin hukuma, a kuma gana da mai unguwa, saboda jama'a ba za su ga baƙi suna shimfiɗa waya a ƙofar gidajensu su yi shiru ba.

Sai a jera na'urorin sauraro da ake kira jiyofon, a bar tazarar mita 2 zuwa 5 a tsakaninsu, kowace a kafa tsininta daram a ƙasa, don wadda take rawa ba ta ba da sahihin bayani. Nakiya ba ta da wuri a cikin gari. Ana ɗora farantin ƙarfe a ƙasa a buga masa babbar guduma, ko a saki nauyi daga sama. A lungunan cikin ganuwa, inda gidajen ƙasa suka jingina da juna, ni dai ina ganin guduma ce kaɗai ta dace.

Babbar matsalar aikin ita ce hayaniya. A Daidaita Sahu, da tirela, da janareta, da injin markaɗe, duk jiyofon yana jin su, har da wayar lantarki da ke shigo da nata amo. Saboda haka a yi aikin da tsakar dare, kafin kiran assalatu, kuma a maimaita bugu sau da yawa a wuri ɗaya. Idan kwamfuta ta haɗa su, amon gudumar yana ƙara fitowa, hayaniyar kuwa tana dusashewa, tunda ba ta zuwa iri ɗaya sau biyu.

Girgiza tana tafiyar 'yan ɗaruruwan mita a daƙiƙa cikin sakakkiyar ƙasa, amma a cikin dutse mai tauri da ke ƙarƙashin marmarar Kano takan kai mita 5,000 ko fiye. Inda saurin ya faɗi kwatsam, ko fuskar dutsen ta goce, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zurfi, nan ake zargi.

Kada a yi gaggawar shelanta haɗari. Tsagogi da yawa sun daɗe da daina motsi, wasunsu ma su ne masu haƙa rijiyar burtsatse ke nema domin ruwan da suke riƙewa. A sake auna wurin da na'urar da ke gwada yadda lantarki ke ratsa ƙasa, a haƙa ramin gwaji, sannan a gwada sakamakon da bayanan cibiyar sa ido kan motsin ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi.