"Fui": kalmar da za ka fara buƙata idan ana maganar jiya

Wata ɗaya da saukarka Sifaniya, bakinka ya fara sabawa da Sifaniyanci. Ka iya cewa "voy al trabajo", za ni wurin aiki. To, sai ranar da maigida a gonar tumatir ta Almeriya ya tare ka da tambayar ina ka je jiya da ba a gan ka ba. Amsar tana cikinka, asibiti ka je, amma "voy" ba za ta kai ka ba, domin ita ba ta san jiya ba.

Mu a Hausa sauƙi gare mu. Na tafi, kin tafi, sun tafi: "tafi" tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne ke sauyawa. A Sifaniyanci kuwa kalmar aikin ce da kanta ke sauya riga, kuma "ir", wato tafiya, wadda "voy" ɗaya ce daga rigunanta, tana cikin waɗanda suka fi rashin bin ƙa'ida. Idan abu ya wuce sai ta koma fui (na je), fuiste (ka je ko kin je, ba su raba mace da namiji a nan), fue (ya je, ta je), fuimos (mun je), fuisteis (kun je), fueron (sun je). Kada ka ɓata lokaci neman dangantakar "voy" da "fui". Babu. Aro Sifaniyanci ya yi daga kalmar "zama" ta Latin, shi ya sa har yau "ser" (zama) da "ir" suke ci a kwano ɗaya idan aka zo maganar abin da ya shige. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko za su tuna da "je fus" na Faransanci, tushensu ɗaya.

Ta yaya za ka gane wacce ake nufi? Saurari abin da ya biyo baya. In ka ji "a" ko "al", tafiya ce: "fui al médico", na je wurin likita. In babu, galibi zama ne: "fue difícil", an sha wuya.

Inda na fi so ka tsaya shi ne tsakanin fui da fue. Wasali ɗaya ne kacal, amma shi ke raba kai da wani. "Fwi" ni ne, "fwe" shi ne. Wanda ya haɗiye ƙarshen kalmar a gaban ma'aikacin ofis yana iya ɗora wa kansa tafiyar da bai yi ba. Haddace "no fui yo", ba ni ba ne, tun kafin ranar buƙatarta ta zo. Sannan ka kula da "f" ɗin: haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ba irin tamu da ke zamewa zuwa "p" ko "h" ba.

Idan za ka girmama dattijo ko jami'i, "usted fue" za ka ce, ba "fuiste" ba. Ita fuisteis kana iya barinta sai daga baya. Abokan aikinka 'yan Kolombiya da Ikwado ma "ustedes fueron" suke cewa a maimakonta.

Wani abin da ke rikita sabon zuwa: a Madrid za ka ji "hoy he ido" ga tafiyar yau, a bar "fui" ga jiya da shekaranjiya. A Galisiya da tsibiran Kanariya kuwa "hoy fui" suke cewa abinsu. Duk wadda ka faɗa za a fahimce ka.

A rubutu kada ka ɗora wa fui da fue ɗan karan nan na sama (fuí, fué), an daina tun 1959. Kowane dare kafin ka kwanta, faɗi wurare uku da ka je jiya da babbar murya, sannan ka juya su kan abokin ɗakinka: fui, fue. In ya dawo daga karɓar takardar zama a gari a ayuntamiento, wato ofishin hukumar gari, tambaye shi "¿cómo te fue?", yaya aka ƙare, ka kasa kunne ka ji da wace kalma zai fara.