Yadda Ake Ƙera Bututun Ƙarfe Mai Walda

Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ɗauki bututu irin wanda masu walda ke haɗa ƙofa da shi, ka zura yatsa a ciki. Za ka ji wani siririn tudu ya miƙe daga wannan baki har wancan. Shi ne kabun bututun, inda aka haɗe gefen ƙarfe biyu. Ingancin bututu a wannan kabu yake, kuma a kansa duk aikin masana'anta ya ta'allaƙa.

Ƙarfen yakan iso masana'anta a naɗe kamar tabarma. Da farko sai a warware shi, a bi da shi tsakanin roloji har ya kwanta sumul, a tsaga shi daidai faɗin da ake so, domin faɗin nan shi zai zama kewayen bututun. Sannan a aske gefunan biyu su yi tsaf.

Daga nan sai lanƙwasa. Ba a yin ta farat ɗaya. Roloji ne a jere, kowanne ya tanƙwara kaɗan ya miƙa wa na gaba. Sai ka ga faifan ƙarfe ya koma kamar indararo, can gaba ya zagaye, gefunansa na dab da haɗuwa.

A nan ake waldar, kuma ba irin ta bakin titi ba ce, don ba a ƙona sandar walda ko ɗaya. Wutar lantarki mai saurin kai-komo ce ke bin gefunan biyu, ta gasa su su kai zafin digiri 1,400 a ma'aunin Celsius ko kusa da haka cikin ƙiftawar ido. Nan take wasu roloji su matse su, su zama jiki ɗaya. Matsin ne ke tunkuɗo datti da narkakken ƙarfe waje, wata wuƙa kuma ta kankare tudun tun yana ja. Na ciki ba kullum ake kankarewa ba, shi ne abin da yatsanka ya taɓa. Masana'antar da ta san abin da take yi takan sake ɗumama kabun ta bar shi ya huce a hankali, domin kabun da ya huce da gaggawa gautsi gare shi. A ganina, nan ne ake rarrabe kayan kirki da na ha'inci, kuma ido ba ya gani.

Sauran aikin mai sauƙi ne: a daidaita zagayen, zarto ya bi bututun yana tafiya ya yanke shi, galibi mita 6. Mai kusurwa huɗu ma galibi zagayayye ne tun asali, daga baya aka danne shi.

Manyan bututun mai da gas hanyarsu daban. Wasu daga farantin ƙarfe mai kauri ake yin su, inji ya danna shi ya yi siffar U, sannan O. Wasu kuma a karkace ake naɗa ƙarfen kamar rawani, kabun ya riƙa kewaya bututun. A duka biyun ana yin waldar ciki da waje, a ƙarƙashin wani gari da ke rufe wutar don kada iska ta lalata ta. Ka tuna bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020: faɗinsa inci 40, tsawonsa kilomita 614. Kabu ɗaya ya yi yoyo a irin wannan, ai gari guda ne cikin haɗari.

Shi ya sa ake gwaji. Ana toshe bakin bututun biyu, a ɗura ruwa da matsin da ya wuce wanda zai ɗauka a bakin aiki. Da ruwa ake yi, domin idan ya fashe tsiyaya kawai zai yi, iska kuwa tarwatsewa take kamar bam. Ana kuma duba kabun da na'urar sauti ko hoton eksire, a yanki guntu a latse shi a ga ko zai tsage. Bututun mai da gas yana bin ƙa'idar inganci da ake kira API 5L, kuma akan rubuta ta a jikinsa.

Sai maganin tsatsa. Na ruwa ana tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, ya fito fari fes. Wanda za a binne kuma a lulluɓe shi da roba.

In za ka saya, auna kaurin da kanka, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka. Na ƙofa da taga da ƙafar tanki ba a gwada shi da matsi ba, don haka kada a kuskura a ja gas da shi. Mai walda kuma, in zai lanƙwasa bututu, ya juya kabun gefe, kada ya faɗa a bayan gwiwar inda ƙarfe ke miƙewa. In mai tutiya zai yi wa walda, ya fara goge tutiyar wurin, ya fita fili, don farin hayaƙinta na kwantar da mutum da zazzaɓi.