Kurakuran da aka fi yi a bincike kan ci gaba mai ɗorewa, da yadda za a gyara su

Duk wanda ke duba aikin ɗalibai a fannin kasuwanci ko tattalin arziki ko shari'a ya san yadda babin farko yake farawa. Za a kawo ma'anar ci gaba mai ɗorewa da kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayar a 1987, wato biyan buƙatun mutanen yau ba tare da an tauye na 'yan baya ba, a ambaci muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, shikenan sai a wuce. Ma'anar nan daidai take amma fa ba ta auna komai. Kai me kake aunawa, hayaƙin da kamfani ke fitarwa ne, ruwan da yake sha ne, ko haƙƙin ma'aikata? Muradun nan ƙarƙashinsu akwai manufofi 169, ba wanda zai iya cinye su a digiri ɗaya. Ka ɗauki ɗaya ko biyu, ka faɗi ma'auninka tun a shafin farko.

Wanda ya fi damu na shi ne yadda ake ɗaukar makin ESG, wato makin da ake ba kamfani kan kula da muhalli da al'umma da tsarin shugabancinsa, kamar gaskiya tsagwaronta. Mutum zai sauko da maki daga kamfanin ƙima guda ɗaya, ya zuba a kwamfuta, ya ce ga kamfanoni masu kula da muhalli ga marasa kula, alhali masu ba da makin su kansu ba su jitu ba. Berg da Kölbel da Rigobon sun gwada makin manyan kamfanonin ƙima shida a binciken da ya fito a 2022, suka ga daidaituwar da ke tsakaninsu daga 0.38 zuwa 0.71 take, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar jituwa, yayin da a ƙimar bashi masu auna kamfani kusan bakinsu ɗaya, wajen 0.99. Kuma babban dalilin bambancin shi ne yadda kowa yake awon abu ɗaya da ma'auni dabam. To ka ga in ka canza inda ka samo makin sakamakonka na iya juyewa gaba ɗaya. Ka tuna Volkswagen, a Satumban 2015 aka sa shi kan gaba cikin kamfanonin motoci a jadawalin ɗorewa na Dow Jones, a watan nan dai hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa ya sa wa motocin dizal ɗinsa manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi. Gyaran ba wuya, ka gwada da maki daga tushe biyu ko uku ka nuna mana ko sakamakon ya tsaya, in ma da hali ka bar makin ka koma ga ɗanyen adadi, kamar tan nawa na hayaƙi ko hatsari nawa aka yi a wurin aiki.

Kusa da wannan akwai masu ƙirga shafukan rahoton ɗorewa na kamfani su ce wai sun auna ƙoƙarinsa. A'a, abin da ka auna shi ne yawan maganarsa. Ka buɗe rahoton ka duba ko wani mai bincike daga waje ya tantance alƙaluman, sannan ka duba hayaƙin da aka lissafa, na cikin masana'anta ne kawai da na lantarkin da aka saya, ko an haɗa da rukuni na uku, na masu kawo kaya da masu amfani da kayan. A kamfanin mai, mafi yawan hayaƙin a rukuni na ukun yake, lokacin da aka ƙona man.

Sai batun sababi. An ga kamfanoni masu maki mai kyau suna cin riba sai a rubuta cewa ɗorewa ce ta kawo ribar, ba a tsaya an yi tunanin ko ribar ce ta ba su kuɗin ɗaukar ma'aikatan da ke rubuta rahoto ba. Ka nemi wata doka da ta hau kan wasu kamfanoni ta bar wasu, ka kwatanta su kafin dokar da bayanta. In ba ka da irin wannan to ka rubuta "akwai alaƙa" ka tsaya nan, ba abin kunya ba ne.

'Yan tattalin arziki kuma suna son ra'ayin nan da ya samo asali daga aikin Grossman da Krueger na 1991, cewa gurɓata tana hawa sannan ta sauka in ƙasa ta yi arziki. Su a kan iskar sulfa da hayaƙin birane suka gani, kar ka ɗora shi kan iskar kabon mai ɗumama duniya kai tsaye. Ƙasa na iya rage hayaƙinta don kawai masana'antunta sun koma wata ƙasar tana sayo kayan daga can, don haka ka duba alƙaluman abin da ake amfani da shi, ba na abin da ake ƙerawa a gida kaɗai ba.

Masu karatun shari'a, don Allah a daina rubuta cewa ƙasa kaza ta "karya dokar" muradun 2030, wato muradu 17 ɗin nan da ake son cimmawa nan da 2030. Ƙuduri ne na babban zauren Majalisar, ba yarjejeniya mai ɗaure ƙasa ba. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ita tana ɗaurewa, amma a rubutunta abin da ta wajabta ƙarara shi ne kowace ƙasa ta miƙa alƙawarinta na rage hayaƙi duk shekara 5 ta kuma ɗauki matakai a gida, ba ta sa hukunci kan wadda ta gaza cika adadin ba. In kana neman inda aka tilasta gwamnati ka karanta shari'ar Urgenda, wata ƙungiyar kare muhalli da ta kai gwamnatin Holan ƙara, inda kotun ƙolin Holan a Disamban 2019 ta tabbatar da umarnin rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100 daga na 1990 kafin ƙarshen 2020, kuma a kan yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kafa hujjarta. Ka nemo ainihin hukuncin ka karanta da kanka kafin ka sa shi a babinka.