Yadda za ki riƙe karatun ɗanki na ibtida'i (firamare) a Makka, ko da Larabcinki na kasuwa ne

Bakin yaron da aka haifa a Makka yana ruɗar iyaye. Yana shekara biyar za ki ji shi yana musu da mai baƙala, wato mai kantin unguwa, da Larabcin da ke kanki ba ki iya ba, sai ki saki jiki, ki ce ai wannan makaranta ba za ta ba shi wuya ba. To wanda yake yi a titin Mansur ko a Rusaifa Larabcin Hijaz ne. Wanda zai tarar a Lugati, littafin Larabci na makaranta, fusha ne, mai wasali da tanwini da hamza, wanda ko a gidan Larabawan ba da shi ake hira ba. Ɗanki harshe uku yake ɗauke da su, Hausar gida da Larabcin unguwa da Larabcin littafi, kuma na ukun ne ake ba da maki a kansa. Na goyi 'ya'ya a garin nan, yanzu jikoki nake rakiya bakin ƙofa da safe, don haka abin da zan faɗa daga tabarmar falo na samo shi.

Aikin da ya fi kowane nauyi shi ne ki zauna ki saurari yaro yana karatu da ƙarfi, kullum, ranar makaranta da ranar hutu. Kwata ɗaya na awa ya isa ɗan aji ɗaya ko biyu. Ki zaɓi lokaci guda ki tsaya a kansa. A gidana bayan magariba ne, don bayan la'asar yara suna halƙar karatun Alƙur'ani a masallaci, bayan isha kuma ido ya fara nauyi. Ki kife wayarki. Ya buɗe darasin da aka yi yau, ya ɗora yatsa ƙarƙashin kalma, ya karanta.

A nan sai kin yi hankali, don yaranmu gwanayen hadda ne. Wanda ya saba ɗaukar sura da ka, darasin Lugati mai layi shida ba komai ba ne a wurinsa: malama ta karanta sau biyu, ya haddace, ya dawo gida ya rera miki tiryan-tiryan, ke kuma kina ta masha Allah, alhali ko baƙi ɗaya bai duba ba. Gane wannan ba wuya. Ki rufe hoton da ke shafin da tafin hannunki, ki nuna masa kalma daga layin ƙarshe, sannan wata daga tsakiya, ba bi da bi ba. Idan ya tsaya yana haɗa baƙaƙen, ko da yana gargada, alhamdu lillahi, karatu yake yi. Idan ya ɗaga kai sama yana neman farkon jimlar a ransa, hadda ce, sai ku koma kan baƙi da wasali.

Bayan ya karanta, ki tambaye shi da Hausa: “To me aka ce a nan? Wa ya yi, don me ya yi?” Ya ba ki labarin da Hausa. Yaron da ya iya kwashe abin da ya karanta da fusha ya zuba miki shi da harshen gida, ya fahimta, babu tantama. Shi ya sa ban yarda da matan da suke daina yi wa 'ya'yansu Hausa wai don Larabcinsu ya yi ƙarfi ba. Larabcin da za ki yi masa a madafa na unguwa ne, yana da shi har ya yi yawa. Kin hana shi Hausa, ba ki ƙara masa fusha ba, ranar da kakarsa ta zo Umra daga Kano ko Damagaram kuma su zauna suna kallon juna.

Sai imla. Duk wadda ta taɓa riƙe allo za ta iya yi wa ɗan aji biyu shifta. Ki ɗauki kalma biyar daga darasin, ki faɗa, ya rubuta, ku gwada da littafi tare. Wuraren tuntuɓen sanannu ne: ya mai da tanwini nunun, ya rikita ta marbuɗa da ha, ya jefar da lam ɗin da ba a furtawa, ya gajarce madda. Ki ware ƙaramin daftari na kalmomin da ya kuskure, ranar Asabar ku sake bi ta kansu kafin a koma Lahadi. Idan karatun naki bai kai nan ba, yayansa ya faɗa, ke ki riƙe littafin ki gwada siffar rubutun da ido. Zaman naki a wurin shi ne rabin aikin.

Akwai abu biyu da mu da muka yi karatu a gida muke rikita yara da su da kyakkyawar niyya. Na farko Alƙur'ani. Yawancinmu Warshu muka tashi da ita, da rubutun allo, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A nan Hafsu ake karantarwa, da mus'hafin Madina: fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Wato ƙaf ɗinki ita ce fa ɗin ɗanki. Tun daga Fatiha ma akwai inda ruwayoyin biyu suka sha bamban, kuma dukkansu daidai ne. Don haka in kin ji ya ja wani wuri da ke ba kya ja, kada ki yi saurin cewa ya ɓata. Ki riƙe mus'hafinsa, ba naki ba, lokacin da yake ba ki hadda, ki kunna masa ƙira'ar makarancin Hafsu ya bi.

Na biyu lissafi. Littattafan nan da lambobin Larabci ake rubuta su, waɗanda biyar ɗinsu take kama da sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne kawai, shidansu kuma sak bakwai ɗinmu. Jimlar lissafin ma daga dama ake fara ta, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a ɗebewa da rabawa. Ki sa yaron ya rubuta miki lambobin daga sifiri zuwa tara, na nan a sama namu a ƙasa, ki manna a jikin firij. Shi zai ji daɗi yau ya zama malami, ke kuma cikin mako guda kin wuce wurin. Jadawalin ninkawa kuwa a hanya ake yinsa, a mota ko a layin sayen burodin tamis. Ba ya buƙatar tebur.

Turanci tun 2021 daga aji ɗaya ake fara shi. Wadda ta yi boko a Najeriya, nan fagenki ne, ki shiga da ƙarfinki.

Yanzu maganar waya. Rajista da sakamako da lissafin fashi duk suna cikin Noor, shafin intanet na ma'aikatar ilimi, aikin gida da jadawali kuma da yawa suna cikin manhajar Madrasati, wadda aka buɗe a 2020 lokacin korona. Kuskuren da nake gani a gidaje da yawa shi ne, an je wani ofishin hidima an biya an yi rajista, ko babban yaya ya yi, daga nan ba wanda ya san lambar sirri sai su. Lambar nan ki karɓe ta, ki rubuta ta a takarda, ki tabbatar wayar da makaranta take aika wa saƙo tana hannun uwa ko uba, ba hannun kawun da ya koma Riyad ba. Ki riƙa leƙawa sau ɗaya a mako. Darasin da yaro bai gane ba, ko ranar da bai je ba, akwai shi a tashoshin Ain, a talabijin da YouTube, aji-aji, kyauta. Ku kalla tare. In kin miƙa masa wayar kin tafi madafa, kin san inda zai ƙare. Iƙamar yaro ma a sa ido a kanta tun kafin ta ƙare, kada lokacin rajista ya zo a shiga guje-guje.

Guruf ɗin WhatsApp na iyaye yana da amfani wajen sanin me za a kawo gobe, amma ba ya maye gurbin zuwa makaranta da ƙafa. Ki je tun makonnin farko, tun ba a kira ki ba, don uwar da aka fara ganin fuskarta ranar da ɗanta ya yi laifi da kame-kame take farawa. Makarantar 'yan mata uwa ce take shiga. Tun 2019 kuma akwai makarantun da mata suke koyar da yara maza na ƙananan azuzuwa, nan ma hurumin uwa ne. Amma makarantar maza ta Alhaji ce, kuma a gaya masa gaskiya: sauke yaro a bakin ƙofa ba ziyara ba ce. Ya shiga, ya gaisa da malamin aji da muwajjih, wato mai ba ɗalibai shawara, ya halarci taron iyaye. In Larabcin bai wadata ba, a tafi da maƙwabci ko maƙwabciya. Kada a sa yaron ya yi tafinta a kan maganar kansa, kowa ya san yadda fassarar za ta fito. Kuma kada ki tambayi malama “Yaya yake?”, za ta ce miki mumtaz, wato ya yi kyau sosai, don kara. Ki ce: “Wane abu ɗaya ne bai iya ba, wanda kike so mu yi a gida wannan watan?” Wannan tambayar sai an ba ta amsa ta gaske.

Barci kuwa, mu mutanen Makka mun san halinmu. Gari ne da ba ya kwanciya, baƙi ba sa yankewa, ana hira har ɗayan dare yara suna tsakiya, alhali layin safe ana yinsa ne wajen ƙarfe bakwai ko kafin nan. Yaron da ya kwanta sha biyu, darasin farko da na biyu a barci yake yinsu, ko idonsa a buɗe. Ki kai su ɗaki bayan isha ko da falo cike yake, baƙon kirki ba zai ji haushi ba. Jaka da kayan makaranta, mariyul na mata ko tobe na maza, a shirya tun dare, a sa wani abu a ciki kafin a fita, kada a dogara da cakulan ɗin kantin makaranta. Inda aka fi yin asara shi ne azumi da lokacin da 'yan'uwa suka sauka: yau an raka Hajiya Harami, gobe an tafi Madina, jibi an gaji. Fashin da ba uzuri ana rubuta shi, ana rage makin halarta, kuma abin da ya wuce yaro a aji ɗaya ba ya dawowa da kansa. In rashin lafiya ce a kai takardar asibiti. An koma zango biyu a shekara tun 2025 bayan 'yan shekarun da aka yi ana uku, kalandar Makka kuma takan ɗan bambanta da ta wasu garuruwa saboda aikin Hajji, don haka ki duba ta nan kafin a yanki tikitin zuwa gida.

Malamin gida na kuɗi ba na hana shi, amma ki zauna kusa ki ga me yake yi. Wanda yake cike wa yaro aikin gida da hannunsa, kuɗinki yake ci.

Aji uku shi ne ma'auni. A nan ake fara jarrabawar ƙasa ta Nafis, sai kuma a aji shida, daga aji huɗu kuma littattafai suna yin kauri, ana ɗauka yaro ya riga ya iya karatu. Idan kin yi wata da watanni kuna zaman magariba amma har ƙarshen aji biyu yana juya baƙaƙe ko yana kasa haɗa su, ki ajiye bulala da kiran sa daƙiƙi. A fara kai shi a duba ido da kunne. In waɗannan lafiya suke, ki je wurin muwajjih ki nemi a gwada shi. Makarantun gwamnati da dama suna da malami na musamman mai kula da yara masu wahalar koyo, wanda yake zama da su su kaɗan a ɗaki daban na wasu darussa a mako. Ana neman sa hannun waliyyi kafin a shigar da yaro, don haka ki sanar da Alhaji tun kafin takardar ta iso gida.