Kurakuran da ke sa takardar sulhu ta zama banza bayan an bar kotu

A Kantin Kwari ba baƙon zance ba ne ka ji ɗan kasuwa yana cewa, "Ai mun sasanta, har takarda aka rubuta." Bayan wata uku wanda ake bi kuɗin atamfa bai biya ko sisi ba. Mai kaya ya zaro takardar daga aljihu, duk ta lanƙwashe, ya miƙa wa lauya, shi kuwa ya karanta ya ce sai an shigar da sabuwar ƙara. Irin wannan yana ci mini rai, domin abin da ya rage a gyara tun farko bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar sa hannu a matsayin ƙarshen magana. Dokar sasanci ta tarayya ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tabbatar da cewa yarjejeniyar sulhu tana hawa kan waɗanda suka yi ta, kuma kotu na iya zartar da ita. Amma takardar da ta tsaya tsakaninku kwangila ce kawai: in ɗaya ya saɓa, sai ka kai shi ƙara a kanta. Wadda alƙali ya karɓa ya mai da ita hukuncin kotu bisa yardar ɓangarori, ita ce mai haƙora. Da ita ake neman ma'aikatan kotu su kama kaya, ko a umarci banki ya biya daga asusun mai taurin bashi. Dalili ke nan da aka jingina cibiyoyin sasanci da manyan kotuna, ta Legas a 2002, ta Abuja a 2003, ta Kano a 2009. Don haka kar ka bari murnar shiryawa ta sa ka janye ƙara. Ka tsaya sai an mayar da takardar gaban alƙali ya amince da ita, sannan ka karɓi kwafi mai hatimin kotu.

Sai kunya wajen rubutu. Mun saba da kara, shi ya sa ake rubuta "zai biya idan Allah ya hore masa" ko "nan ba da jimawa ba". Wace rana alƙali zai ce an saɓa wannan? A rubuta adadin kuɗi, da ranar kowane biya, da asusun da za a zuba, da abin da zai faru in an tsallake wata guda. In gida ne ko gona, a faɗi iyakokinsa ta gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda ya ji haushin wannan dalla-dalla, a lallashe shi da "Alhaji, don 'ya'yanmu ne, ba don rashin yarda ba."

A kuma duba wa ya sa hannu. Sa hannun yaron shago ba ya hawa kan maigidansa sai da izininsa, babban wa ma ba ya yafe rabon ƙannensa a gado don kawai shi ne babba.

Wasu kuma suna sa hannu da tunanin in sun sake shawara za su ɗaukaka ƙara. Sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce hukuncin babbar kotu da aka yi da yardar ɓangarori ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Rushe shi yana bukatar hujja mai ƙarfi, kamar yaudara ko tilastawa. Wanda bai iya Turanci ba ya nemi a karanta masa da Hausa, layi bayan layi, kafin ya dangwala yatsa.

Sulhun da aka yi a ofishin Hisba ko a zauren mai unguwa yana da daraja, yana kuma kashe wuta da yawa, sai dai ba hukuncin kotu ba ne. In akwai dukiya a ciki, a kai shi kotu a tabbatar. A kotun Shari'a kuwa alƙali zai auna shi da hadisin nan da ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Sharaɗin da ya ɗora ruwa a kan bashi saboda jinkiri ba zai wuce a can ba, ko da kowa ya sa hannu.