Kurakuran da Na Gaji da Gani a Zaurukan Marubuta

Cikin makon nan kaɗai 'yan mata uku suka turo min rubutunsu ta waya, kuma saƙonsu kusan iri ɗaya: "Anti, don Allah a duba min, amma 'yan ƙungiyarmu duk sun karanta, sun ce ya yi." Na tambayi ta farko me 'yan ƙungiyar suka gyara mata, ta ce babu. Ta biyu ta turo min hoton yabon da ta sha, "Allah ya ƙara basira" jere reras har ƙasan allo. Ta uku ba ta ma gane me nake tambaya ba. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane cin mutane, shi ne ɗaukar yabo a matsayin gyara. Ni ya ci ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin da nake rubuta littafina na farko ina cikin wata ƙungiya da ke haɗuwa sau ɗaya a wata, ranar Lahadi, a ajin wata makarantar firamare. Duk zama sai in karanta babi guda, a tafa, a ce alƙalamina ya nuna. Wata goma sha ɗaya ana haka. Da na gama, na kwashi adashina, na sayar da 'yan kunnena na gwal na cika, na kai wa mai ɗab'i aka buga min kwafi dubu. Ban san cewa mai ɗab'i ba ya karanta littafi ba, abin da ka miƙa masa shi zai juye maka a takarda. Sati biyu da fitowarsa na ba wani maƙwabcinmu, malamin Hausa a sakandare, kyautar kwafi ɗaya. Bayan kwana uku ya aiko min da shi, kowane shafi ya sha jan biro. Mahaifiyar tauraruwar labarin ta rasu a babi na huɗu, an yi zaman makoki, sai ga ta a babi na goma sha ɗaya tana zuba wa baƙi abinci. Baƙin ma "baki" na rubuta. Wani yaro ya fara da suna Nura ya ƙare da Nasiru. Dillalin da ya karɓi kwali biyu ya dawo min da ɗaya da rabi, sauran suka zauna a ƙarƙashin gado har gara ta shiga.

Asarar kuɗin na haƙura da ita. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne ranar da na kai kukana ƙungiya, wata ta ja ni gefe ta ce, "Wallahi Yaya na lura da maganar mahaifiyar nan tun lokacin, kunya ce ta hana ni faɗa." Kunya! Mutane kusan ashirin a zaune, an gani, an yi min kara, an bar ni na sayar da gwal ɗina. Kara halin kirki ce a gidan suruki da gaban manya, amma a zauren marubuta cuta ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wadda ta ga rami a labarinki ta yi shiru ba ƙaunarki take yi ba, tana gudun ɓacin ranki na minti biyar ne ta bar ki da na shekaru.

Ga abin da nake yi tun daga nan, kuma ban ce kowa ya yarda da shi ba. Ba na ba taro rubutuna, mutum uku nake ba. Na farko wanda ya san ƙa'idojin rubutu, shi aikinsa harafi da rabon kalma. Ta biyu marubuciya irina, wadda za ta bi min zaren labari, wa ya mutu, wa ke raye, yaushe aka yi damina. Ta uku gwaggona ce, ba ta karanta boko, ni nake karanta mata da ƙarfi bayan sallar isha'i. Duk inda ta ce "wa ke magana haka?" na san wannan zancen ba na Bahaushe ba ne, daga fim na kwaso shi. Duk inda ta fara gyangyaɗi, wannan shafin ya tafi. Kuma ba na tambayar kowa "ya yi daɗi?" don amsar a shirye take. Cewa nake yi: a ina kika gaji? A ina kika daina yarda da ni? Wane ne a labarin in an cire shi ba za ki nemi inda ya shiga ba? A ɗan zauren da muke yi yanzu mu shida, doka ce mai rubutu ba ta buɗe baki har a gama yi mata sharhi. Ba kare kai, ba "ai abin da nake nufi". Mai karatu a Gusau ko Maraɗi ba zai same ki kusa ba balle ki yi masa bayanin nufinki.

Wanda yake jin ya fi ƙarfin gyara ya tuna yadda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya faro. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ba karɓa aka yi aka buga kawai ba, Rupert East, Baturen da ya shirya ta, ya bi rubuce-rubucen ya tace su kafin su fito. Abubakar Imam kansa, da zai rubuta Magana Jari Ce, barin koyarwa ya yi a Katsina na ɗan lokaci ya koma Zariya a 1936, yana rubutu ana dubawa. To ke wace ce da ba za a taɓa miki jimla ba?

Kuskure na biyu sabo ne, zamanin waya ya kawo shi, kuma shi ma na ɗanɗana. Wato fara sakin labari feji-feji a zauren WhatsApp ko Wattpad alhali ke kanki ba ki san ƙarshensa ba. Daɗinsa a fili yake: kin saki feji da safe, kafin azahar an cika ki da sambarka. Amma daga ranar labarin ya bar hannunki. Na taɓa fara wani labari a kan matar da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta da surukai, niyyata in nuna yadda shiru ke cin mutum. A feji na tara masu karatu suka taso, a kawo kishiya, a hukunta uwar miji, a sa wani mai kuɗi ya ƙyalla ido ya gan ta. Na bi su, don ranar da ban bi ba zauren tsit yake yi. Kafin in farga labarin ya kai feji saba'in, an yi asiri, an yi haɗarin mota, an je asibiti a Indiya, matar da na fara da ita ta ɓace a cikin hayaniya. Ban iya ƙarasa shi ba. Bayan 'yan watanni wata ƙawata ta turo min shi an haɗe shi a fayil guda, an cire sunana, an liƙa masa wani ƙarshe da ban rubuta ba, ana sayarwa a wani zaure.

Ku ji ni da kyau, 'yan ƙannena. Masu karatu ba abokan shawara ba ne a lokacin da tukunya ke kan wuta. Abin da suke roƙo shi ne irin wanda suka riga suka karanta, shi ya sa labaranmu suka koma kamar 'ya'yan uwa ɗaya: attajiri mai girman kai, 'yar talakawa mai tsiwa, mari a haɗuwar farko. Ni yanzu ba na sakin ko layi sai na rubuta "Tammat". A littafin rubutu na 'yan makaranta nake fara shi da biro, don hannu ya fi babban yatsa haƙuri. In na gama sai in jefa shi a akwati kwana arba'in, in fito da shi in karanta kamar na wata, sannan in buga a waya. Kafin in saki feji na ɗaya ina tura wa kaina cikakken labarin ta imel, kwanan watan ya zauna a matsayin shaida. Kuma kada ki bar aikinki a manhaja ɗaya tak. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da marubutanmu da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023.

Sauran kurakuran ba su kai waɗannan zafi ba, amma kullum sai na gamu da su.

Akwai masu shiga ƙungiya goma a lokaci guda, sunayen ƙungiyoyin su cinye rabin fejin farko kafin a kai ga labari. Ɗaya ta isa, in ana gyara a cikinta. Akwai masu zuwa zaman karatu su karanta nasu su ɗauki jaka, kamar sauran ba rubutu suka kawo ba. Rabin abin da na koya a sauraren gyaran da ake yi wa wasu na koye shi. Akwai kuma ƙungiyar da ba ta da aiki sai zaɓe da rabon muƙami da ankon taro. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama da aka yi a Kano a farkon shekarun 1990, su Ado Ahmad Gidan Dabino, ana tuna ta har yau saboda littattafan da suka fito daga cikinta da yadda 'ya'yanta suka tallafi juna wajen bugawa da kai wa kasuwa. Ki tambayi ƙungiyarku littafi nawa ta tace a bara.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda ake raina ta ana cewa ai an gane. Ba a gane ba. Ƙasa daban kasa daban, ɓari ba bari ba ne, kuma wanda ya rubuta "kafa" yana nufin ƙafa ya sa mai karatu tuntuɓe. Gboard, madannin rubutu na waya, yana da Hausa, ki saka shi, haruffa masu lanƙwasa suna nan a ciki. In Nijar kike rubutu kina amfani da ƴ a inda muke sa 'y, daidai ne, ki dai tsaya a kan guda har ƙarshe. "Za ta" kalma biyu ce, "yana" kalma ɗaya. "Akan ce" na al'ada ne, "a kan tebur" na wuri. "Gidansa" a haɗe, "ya gan shi" a rabe. "Ya ba ni" kalma uku ce, in kika cure su mai karatu zai zaci yabo ake magana. Wannan ba ya buƙatar digiri, mako biyu na natsuwa ya isa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan aikin suna nan, ba a taɓa su. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet kyauta, cike da kalmomin noma da saƙa da kiwo da muka manta. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, Hausa yake fassarawa da Hausa, kuma bai kamata a ce marubuciya tana da akwatin atamfa ba ta da shi ba. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma reshen Kano ya daɗe yana zaman karatu inda ake sauraren marubuci a yi masa sharhi ido da ido. Kowace jami'a ko kwalejin ilimi da ke da sashen Hausa tana da malamai da ɗalibai da za su duba miki rubutu in kin je da ladabi, kin ba su lokaci, kin kuma san cewa aiki ne a ba su haƙƙinsu. Amma babbar makaranta tsofaffin gidanku ne. Ina da ɗan littafi a jaka, duk kalma ko habaicin da na ji a gidan biki, a wurin mai niƙa, a motar haya, sai na rubuta. Marubucin da bai san sunan kayan da ke ɗakin girkin gidansu ba, dole ya sa taurarinsa cin abinci a otal kullum.

Masu shiga gasa kuma, kalma biyu. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata, gajeren labari take nema mai iyakar kalmomi. Kada ki yanko babi daga dogon littafinki ki tura, alƙalai suna gane wanda aka yanko daga wanda aka ɗinka don kansa. Ki karanta sharuɗɗa da kanki kowace shekara, kada ki dogara da abin da aka ce a zaure, kuma kada ki bari sai daren rufewa. In ba ki yi nasara ba, kada ki shiga zaure kina cewa an yi son kai kafin ki ba wani labarin ya faɗa miki inda ya yi rauni.

Ta ukun nan da ba ta gane tambayata ba ita ce ƙarama a cikinsu, kuma a babinta na biyu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da na ji muryarta har cikin kunnena. Na ce mata ta dakatar da maganar mai ɗab'i, ta buga babi uku na farko a takarda da tazara tsakanin layuka, ta zo gida ranar Asabar bayan la'asar da jan biro. Ta ce, "Anti, duka za ki ɓata min?" Na ce ta zo dai, daga shafi na ɗaya za mu fara.